Marasa Bakin Kai Ƙara: Kira ga Jama'ar Yakite

Jama'ar unguwar Yakite ta birnin Bangi, iyayena da yayyena da ƙannena. Maganar dabba na zo da ita, kuma na san akwai wanda zai ji an ambaci kare ya kau da kai. Ina roƙonsa ya yi haƙuri ya saurare ni zuwa ƙarshe, domin daga ƙasashen Turawa maganar za ta taso, amma a ƙofar gidajenmu za ta sauka.

A Ingila da Ailan da Ostireliya da Amurka akwai sana'ar tseren karnuka. Karen da ake sawa siriri ne dogo, mai faffaɗan ƙirji da lafaffen ciki. Wanda ya taɓa ganin karen farautar Buzayen Azawak, to ya ga ɗan'uwansa. Gudunsa yakan kai kilomita 70 a awa guda. Ana zuba shida ko takwas a jeren akwatunan ƙarfe, a saki zomon bogi da inji ke ja, a ɓalle ƙofofi, su bi shi da iya ƙarfinsu. Kafin rabin minti an gama, an raba kuɗi, an jero wasu. A Kalifoniya aka fara amfani da wannan zomon inji a 1919, ya shiga Ingila a 1926 ta filin Belle Vue na birnin Mancesta. Tun daga lokacin har yau caca ce ke riƙe da harkar. A cire caca, ba mai gina fili, ba mai kiwon kare ko ɗaya dominta.

Filin yana da kwana, kuma a kwanar farko ake yin ɓarna. Karnuka shida a guje, kowa na neman gefen ciki, sai a yi karo, wani ya wuntsula, ƙafa ta karye ko ƙashin baya ya tsinke. Hukumar da ke kula da tseren a Birtaniya, da bakinta, ta ƙirga raunuka sama da 4,000 a shekarar 2023 kaɗai, da karnuka fiye da 100 da suka mutu a filayen. Wanda ya tsallake karaya ma bai tsira ba. Irin wannan kare yakan yi shekara 12 ko fiye a duniya, amma yana shekara huɗu ko biyar gudunsa ke ja baya. Ina za a kai shi sauran shekarun? Wa zai ci gaba da ciyar da shi alhali ya daina kawo kuɗi? Ga kuma ɗimbin 'yan kwikwiyo da ake haifa don a tsinci gwani guda a cikinsu.

Amsar ta fito fili a Ostireliya. A watan Fabrairun 2015 shirin talabijin na Four Corners ya nuna masu horar da karnuka suna ɗaure zomaye da 'yan aladu da ransu a jikin injin nan, ana jan su a fili karnuka na yayyaga su, wai don su ƙara zafin nama. Gwamnatin jihar New South Wales ta naɗa tsohon alƙali Michael McHugh ya bincika. Rahotonsa na 2016 ya ce cikin shekara 12 an kashe karnuka aƙalla 48,000, mai yiwuwa har 68,000, ba don cuta ko cizo ba, sai don ba su da gudun da zai mai da kuɗin abincinsu. A Ailan gidan talabijin na RTE ya bankaɗo irin wannan a 2019: karnuka kusan 6,000 kowace shekara. Ku tsaya ku auna. Dabbar da mutum ya haifar da gangan, ya yi mata suna, ya ci kuɗi da ƙafafunta, ranar da ta gaza sai ya sa a bindige ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari shi ne yadda mutane suka ƙi yin shiru. Ba sarakuna ba ne suka fara, ba attajirai ba. Mata ne da tsofaffi da ɗalibai da likitocin dabbobi, masu tsayawa bakin fili da kwalaye, masu bi gida-gida neman sa hannu, masu karɓar karen da aka sallama su riƙe shi a ɗakinsu. A jihar Filorida, wadda a lokacin ita ce cibiyar harkar a Amurka da filaye 11, an kai maganar akwatin zaɓe a Nuwambar 2018, kashi 69 cikin ɗari suka ce a rufe, aka kuma rufe a ƙarshen 2020. Yau a duk faɗin Amurka filaye biyu suka rage, dukansu a jihar West Virginia. A Makawo ta ƙasar Sin, inda a da ake kai karnukan Ostireliya su ƙare rayuwarsu, wata ƙaramar ƙungiya mai suna Anima ƙarƙashin Albano Martins ta yi shekaru tana faɗa har aka rufe filin a Yulin 2018, sannan aka nema wa karnuka fiye da 500 gidaje, aka ɗebe su a jirgi zuwa Turai da Amurka. Niyu Zilan ta sanar a Disambar 2024 cewa za ta kawo ƙarshen tseren. Yankin Wels na Birtaniya ya sanar da irin haka a Fabrairun 2025, bayan takardar koke mai sa hannun mutum fiye da 35,000. Ba kullum ake nasara ba. Firimiyan New South Wales, Mike Baird, ya sanar da haramta tseren a Yulin 2016, masu cin moriyar harkar suka taso masa, wata uku kacal ya janye. Masu fafutukar ba su koma gida sun kwanta ba, har gobe suna nan suna ƙirga kowane kare da ya faɗi suna shelanta sunansa.

Na ji abin da ke ranka, Alhaji. Kana cewa mu da muka ga tashin hankalin Disambar 2013, muka ga na 2014, muka yi watanni gadar Yakite ta zame mana iyakar duniya, mu za a zo wa da kukan karen Bature? Marayu na nan, zawarawa na nan, shagunan da aka ƙona wasu har yau ba su miƙe ba. Gaskiyarka, kuma Allah ya kiyaye in haɗa ɗan Adam da kare. Amma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin darajar wanda ke nesa ya yi magana a kan zaluncin da bai shafe shi ba. Lokacin da ba mu da hanyar fita, waɗansu da ba su taɓa taka Bangi ba sun ɗaga murya dominmu. Ranar 30 ga Nuwambar 2015 Fafaroma Francis ya shigo har babban masallacinmu na Koudoukou, duniya ta waiwayo mu. Wanda ya ɗanɗani zaman da ba shi da mai jin kukansa bai kamata ya toshe kunne ga abin da ba shi da bakin kai ƙara ba. Tausayi kuwa ba ya ƙarewa don an ba dabba wani abu daga ciki. Yaron da aka hana jifan kwikwiyo yau, shi ne gobe zai ji nauyin ɗaga hannu a kan ɗan maƙwabci.

Kuma kada mu ce ba ruwanmu da filayen can. Samari, ku duba wayoyinku. A manhajojin caca da yawa akwai tseren karnuka, wani na kwamfuta ne, wani kuwa na gaske ne ana hasko shi kai tsaye daga Ingila ko Ostireliya. Filayen da 'yan ƙasarsu suka daina zuwa kallo, da sayar da hoton tsere ga kamfanonin caca suke rayuwa. Jakar da ka zuba a kan lamba uku tana cikin abin da ke sa a sake jero wasu karnukan gobe. Ka yi asarar kuɗinka, ka ɗauki zunubin caca, ka sa hannu a karayar dabbar da ba ka taɓa gani ba. Ƙanena, goge wannan abu daga wayarka yau, ka gaya wa abokanka dalili.

Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Ba mu da filin tsere a Bangi, amma tunanin da ya gina filin yana nan tare da mu: dabba tana da daraja muddin tana kawo kuɗi, abin da ke jikinta kuwa ba a tambaya. Kakanninmu sun gane haka tun da suka ga wasan kura a kasuwa suka ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mu ne masu harkar shanu a wannan birni. Fulani sun shigo da garkunansu ƙasar nan daga Kamaru tun shekarun 1920, kuma tun daga nan fatauci da dillanci da fawa suke hannun mutanenmu, daga tsohuwar kasuwar PK13 har zuwa Bouboui, kilomita 45 a hanyar Boali. To ku je ku tsaya inda ake sauke shanu. Mota ta taso daga Kaga-Bandoro ko Bambari, tafiyar sama da kilomita 300, a hanyar da in damina ta sauka kwana ake yi a kanta. An cusa jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho fiye da abin da motar za ta ɗauka, an ɗaure ƙahonin a jikin ƙarfe, ba ruwa ba ciyawa. Wata ta zame tun cikin dare ta faɗi, sauran suna ta taka ta har gari ya waye. Da aka buɗe ƙofa ta kasa tashi, harshe a waje, ido ya kafe. Sai yaron mota ya kama wutsiyarta ya murɗe har ka ji ƙashi ya yi ƙara, wani na zabga mata sanda a hanci, in ta ƙi a nemo barkono a zuba mata a ido. Mutane na tsaye suna ciniki, ba wanda ya ce kai bari. Wannan saniyar, makiyayi ya yi shekara biyar ko shida yana kiranta da suna tana amsawa.

Mahauci ya san ƙarshen labarin, don shi ke feɗewa. Duk inda sanda ta sauka jini ya kwanta baƙi ƙirin, sai an yanke an zubar. Naman dabbar da ta galabaita duhu yake yi, ba ya jure zafin rana a kan tebur. Fatar da ƙaho da ƙarfe suka kakkarce ta faɗi a kasuwa. Wato ko wanda ba ya duba lahira, aljihunsa ake yi wa ɓarna. Allah ya ja zamanin Sarkin Fawa, wannan magana taka ce da manyan dillalai. Ku zauna da masu motoci da ƙungiyar makiyaya ta FNEC ku yanke adadin da mota za ta ɗauka, wanda ya wuce a ci shi tara. A gina kwamin ruwa a wurin sauke kaya, kuɗin saniya guda ya isa. A yi tudun saukewa don dabba ta daina dirowa daga bayan mota. Wadda ta faɗi ta kasa tashi a yanka ta nan take, a daina jan ta a ƙasa. Ku da kuke iya tsai da farashi a kasuwa da kalma ɗaya, wannan ba zai gagare ku ba.

Haka kajin da ake ratayowa a babur kai a ƙasa, ashirin a igiya guda, fukafukai na gogar taya. Haka ragunan layya da ake ɗaurewa bakin titi tun hantsi har la'asar da guntuwar igiyar da ba ta barin su kwanta. Kwando da inuwa da bokitin ruwa, nawa suke?

Allah gafarta malamai, ku kuka fi mu sani. Yaranmu na Islamiyya suna haddace Arba'una, kuma hadisi na 17 a cikinta umarni ne da kyautatawa har a wurin yanka: a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Amma a bayan gidaje nawa ake wasa wuƙar a gaban rago, a yanka ɗaya ɗan'uwansa na kallo? Buhari da Muslim sun kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da Allah ya gafarta wa don ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare. Abdullahi ɗan Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya tsawata musu, ya gaya musu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin haka. A Muhtasar ɗin da kuke karantarwa a zaure, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in ba makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita, haka in yana ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Wannan hukunci yana hannunmu ɗaruruwan shekaru kafin a kafa ƙungiyar kare dabbobi ta farko a Turai. Yaushe rabon da mu ji shi a huɗuba?

Na dawo kan kare, domin shi ne ya fi kowace dabba shan wulaƙanci a wurinmu. Mun gaji ƙyamarsa har muka wuce inda shari'a ta tsaya. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai bin umarni ne. Alƙur'ani ya halatta abin da horarren karen farauta ya kamo, ya kuma ambaci karen Ashabul Kahafi tare da su. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa don tsaro. Ba wanda ya ce ka kwana da shi a ɗaki. Amma in ka ajiye shi yana gadin shagonka ko gidanka, ya zama amana. Dubi yadda muke riƙon amanar: sarƙa kamu biyu a jikin turke, kan siminti mai zafi, ƙwanon ruwa a kife tun jiya. Ƙudaje sun cinye bakin kunnuwansa sun zama gyambo, kaska ta cika tsakanin yatsunsa, haƙarƙari a waje ana ƙirgawa. Da dare a sake shi ya yi ta haushi yana tsare dukiyar wanda bai tuna da shi ba. In ya tsufa ko ƙazuwa ta kama shi, a kore shi ya koma bola. Da me muka fi mai filin tsere?

Karen da aka kora bola kuwa shi ne ke dawo mana da ciwon hauka. Iyayenmu mata, ku saurara da kyau, don 'ya'yanku ne a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar tana nan a Bangi. Da zarar alamunta sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, sai dai addu'a. Amma kafin nan ana tare ta. In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur, kada a tsaya shafe-shafen gida, a garzaya asibiti a ranar. Cibiyar Pasteur ta Bangi tana yin allurar bayan cizo, a kuma cika alluran duka, kada a yi ɗaya a ce an warke. A ja kunnen yara su faɗa ko da ƙaramin karce ne, don da yawa tsoron duka ke sa su ɓoye. Bi da guba ana kashe karnuka ba ya kawar da cutar, wasu ne za su cike gurbin cikin 'yan watanni. Abin da aka tabbatar yana yanke ta shi ne a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi. Ka ga allurar da ka yi wa karenka kariya ce ga jikanka.

Kada wani ya ce irin wannan gyara sai Turawa. Da fataucin fatar jaki ya taso, ana kwasar jakunan Sahel ana yankawa don haɗa wani magani a ƙasar Sin, har talaka ya kasa sayen jakin ɗiban ruwa, Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016. A Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka a Adis Ababa suka amince da haramta yanka jaki don fatarsa a nahiyar baki ɗaya. Kukan manoma da masu amalanke da matan karkara ne ya kai har can. In an iya a kan jaki a nahiya guda, za a iya a kan saniya da kare a unguwa guda.

Saboda haka ina kira ga mai unguwa da dattawan Yakite su kira zama, a gayyato likitocin dabbobi na hukumar ANDE, a sa rana a yi wa karnuka da kyanwoyin unguwar nan rigakafi gaba ɗaya. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya, mu sa ta a gaba, mu gayyaci maƙwabtanmu na Kilomita Biyar da na ƙetaren gada, Musulmi da Kirista, don kare ba ya tambayar unguwa kafin ya yi cizo. 'Yan kasuwa su haɗa kuɗin allurar wanda ba shi da hali. Limamai su ware Juma'a guda kafin Babbar Salla don haƙƙin dabba. Ɗalibanmu masu jin Faransanci da Ingilishi, in kun ga takardar koke ta masu neman a rufe filayen tsere, ku sa hannu, ku rubuta Bangi a gaban sunanku, su san akwai masu mara musu baya a nan. Ku kuma ɗauki abin da ke faruwa a wuraren sauke shanu ku kai wa shugabanninmu, cikin ladabi, amma kada ku gaji.

Kai da ke karanta wannan, kada ka jira zaman. In akwai dabba a gidanka, tashi yanzu ka duba ko tana da ruwa da inuwa, ka tsawaita mata igiya. In gobe ka ga ana murɗe wutsiyar saniya ko yara sun taru kan kwikwiyo da duwatsu, ka buɗe baki ka ce a bari, ko da kai kaɗai ne. Allah ya ba mu ikon sauke wannan amana.